Shekarar da Na Sayar da Injin Niƙa Saboda Kare

Na sayar da injin niƙanmu, na biya likita ta sa wa ɗan kwikwiyo ƙarfe a ƙafa. Haka aka yi. In mutane sun faɗa muku, ba ƙarya suka yi ba. Sa'adu, saboda wannan ka bar makaranta a shekarar. Fanta, saboda wannan kika shiga roron wake a gonar mutane tun hannunki bai yi ƙwari ba. Na san maganar tana cikinku har yau. Ranar sunan ɗanka, Sa'adu, ina daga zaure na ji wani abokinka yana cewa kada a bar jaririn kusa da kakansa, zai iya musanya shi da kare. Ka yi dariya tare da su. Ban ji haushi ba. Ba ku san yadda aka yi ba, don ban taɓa faɗa muku ba, uwarku kuma ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Ban yi boko ba, ban iya doguwar magana ba. Zan faɗa sau ɗaya.

Maganar ta yayanku ce, Buba. Ku lura da sunan nan, don ba ku taɓa jin sa a bakina ba, ba ku taɓa jin sa a bakin uwarku Dija ba sai rana ɗaya. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari. Ba a ɗaukar sa a gaban mutane, ba a yabon sa, ba a tambayar ina ya shiga. Kunya ce, haka muka tarar. Kakarsa ce ta raine shi. Dija in ta zuba masa tuwo sai ta ce, Fanta, kai wa wancan. In zazzaɓi ya kama shi sai ta tsaya a bayan danga tana shanya abin da ya riga ya bushe, tana sauraron tarinsa. Ni da shi kuwa farauta ce ta haɗa mu. In rani ya yi mukan shiga duwatsu da karnuka, ni a gaba shi a baya, mu yini ba mu yi magana ba sai fito. Yana da wata baƙar karya da ya raina tun tana jaririya, Duna.

Ranar da mutanen daji masu bindigogi suka shigo garinmu, can bayan Mubi a gindin duwatsu, hantsi ne, dawa ta nuna ba a yanka ba. Muka fita da abin da ke jikinmu. Mun kai bakin rafi yayanku ya tsaya.

"Baba, Duna tana ɗaure. Za ta mutu a igiya."

"Bar ta," na ce.

"Yanzu zan dawo."

Ya juya da gudu. Dija tana goye da ke, Fanta, duk da kin wuce goyo. Ba ta waiwaya ba. Na ga wuyanta ya sandare kamar itace, amma ba ta waiwaya ba, don akwai mutane. Muka jira shi a ƙetaren rafi har harbi ya matso, muka ci gaba. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Mun yi tafiyar ƙafa har takalma suka rabu da mu, sannan wata motar shanu ta kwaso mu zuwa Jimeta. Garin ya cika da irinmu, a masallatai, a coci-coci, a ƙarƙashin bishiya. Mu Allah ya haɗa mu da Bappa Umaru, wani dattijo ɗan asalin Yola mai gida a Luggere. Ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan gidansa, bai karɓi ko sisi ba. Kada ku manta masa wannan, ko da kun ji abin da ya biyo baya. Dija tana da saniyar gado a hannun ɗan'uwanta wajen Song. Aka sayar, na sayi tsohon injin niƙa na kafa a ƙofar gidan Bappa. Matan unguwa suka riƙa kawo masara da wake da tattasai. Injin nan shi ne tuwonmu, shi ne sabulunmu, shi ya sa ka a makaranta, Sa'adu. Uwarku kuwa a duk watannin nan ba ta tambayi kowa labarin ɗanta ba. In 'yan garinmu sun zo gaisuwa suka ce, ina babban, sai ta ce, Fanta, kawo musu ruwa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Wasu mata har suka ce zuciyarta dutse ce. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na san zaninta yana ta zagaye ta sau biyu.

Da aka ce sojoji sun karɓe wajenmu, aka haɗa motoci masu son leƙa gida su bi ayari, a je da safe a dawo kafin la'asar. Na bi. Ban taɓa jin shiru irin na garinmu ranar nan ba. Ba kaza, ba akuya, ko ungulu babu. Ƙofofi a buɗe. A gidan maƙwabcinmu tukunya tana kan murhu da muciya a ciki, tuwon ya zama ƙasa. Dawa ta zube a gonaki ta bushe. Kowa ya sauka daga mota ya nufi gidansa ba mai ce wa wani komai. Namu ya ƙone, sai rumbu ɗaya da wutar ta tsallake. Na ji motsi a ƙarƙashinsa, na sunkuya. Duna ce, ta rame, da 'yan kwikwiyo a jikinta, duk sun mutu sai ɗaya.

Abin da na gani ke nan, ba ƙari. A wuyanta akwai sabuwar igiyar rama, ba wadda na sani ba, da ƙullin da ake yi wa tarkon zomo. Ni na koya wa yayanku ƙullin nan, shi kuma ya ƙara masa wata lanƙwasa tasa da ba mai yin ta sai shi. A gefen rumbu akwai sakaina da ruwa a ciki. Ruwan bai yi kore ba, ƙura ba ta rufe shi ba. Rani ne, rabon sama da ruwa an daɗe. Na miƙe na dubi duwatsu. Rana tsaka, ba iska. Na ji ana kallona, irin jin da mafarauci yake yi a bayan wuya. Na buɗe baki in kira sunansa, bakin ya ƙi, bai saba ba. Sai na yi fitonmu na farauta. Dutse ya dawo mini da shi. Na sake. Duna ta fito daga ƙarƙashin rumbu, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta kama hanyar dutse a hankali ba ta waiwayi ɗanta ba. Na bi ta har bakin gari, wani soja ya daka mini tsawa ya ce akwai abin fashewa a binne. Na dawo na ɗauki kwikwiyon na sa a aljihun riga.

Na ajiye shi a gaban Dija na faɗa mata igiya da ruwa. Ta tashi ta dama kunu ta bar shi ya huce, ta riƙa tsoma yatsa tana sa masa a baki. Ku kuka sa masa suna Rumbu. Bappa Umaru ya kira ni zaure.

"Malam Jibo, kare a gida? Ka san mala'iku ba ya shiga."

"Na farauta ne, Bappa. Zai kwana a waje gindin inji."

"Wane farauta za ka yi a Luggere, ɓera?" Ya yi dariya, ya ce to, amma ban da cikin gida.

Daga nan uwarku ta canza. Matar da ba ta taɓa shafa kan ɗanta a gaban mutane ba, ga ta a ƙofar gida tana cire wa kwikwiyo kaska, tana yi masa faɗa in ya yi nisa, tana ajiye masa ƙanzo. Ba wanda ya ga abin kunya, don kare ne. Ta fara cin abinci. Ni na ga abin da ke faruwa, na ƙyale ta.

Ya yi wayo ya fara bin mutane, zafi ya shigo, irin zafin Yola da ke sa kwalta ta yi laushi. Wata rana da azahar na kashe inji na tafi sayen mai a bakin titi, Rumbu ya biyo ni. Wani ɗan garuwa ya gangaro da kurar ruwa cike da jarkoki, ta fi ƙarfinsa, tayar ta bi ta kan ƙafar kwikwiyon ta baya. Na ji ƙarar ƙashin. Ɗan garuwan ya tsaya yana ba ni haƙuri, na ce ya tafi. Wurin da nisa da gida, ba yadda za a ji kukansa daga can. Na ɗauko shi a hannu. Da na shigo na tarar da Dija zaune a ƙasa gefen turmi, taɓarya ta faɗi, gero ya watse, ta riƙe cinyarta da hannu biyu. Fanta, kina tsaye kanta kina kuka, ke kika ce mini tana cikin daka ta zube. Ba ta dubi abin da ke hannuna ba. Bango take kallo.

"Buba ya faɗi," ta ce.

Shekara da shekaru muna tare, ranar na fara jin sunan a bakinta. Muryar ma ba irin tata ba ce. Sai daga baya ta juyo ta ga kwikwiyon.

"Wace ƙafa?"

"Hagu."

"Na sani," ta ce. Cinyar hagun ce ta riƙe.

Akwai wani mai ɗori a Dubeli, tsoho, wanda ake kai wa 'yan keke napep in sun yi hatsari. Na nannaɗe Rumbu a buhu na kai masa. Tsakar gidansa cike da kaji masu ɗingishi, kowace da ɗan kara ɗaure a ƙafa. Kun san yadda suke yi. In an kawo mai karaya, sai mai ɗori ya kama kaza ya karya ƙafarta daidai inda mutumin ya karye, ya ɗora su tare. Ranar da kaza ta taka, mutum zai taka. In ta kaza ta ruɓe, to a yi shiri. Da ya buɗe buhun ya ja da baya.

"Kai, bawan Allah, ka rasa wanda za ka yi wa wasa sai ni? Hannun nan gadon kakana ne. In ya taɓa kare ya tashi aiki. Mutanen nan da ke kwance kai za ka ɗora su?"

"Ko nawa ne zan biya."

"Ba maganar kuɗi ba ne. Je ka samu karan dawa ka tsaga, ka ja ƙafar ta miƙe, ka ɗaure. In ya yi, ya yi. In bai yi ba, karnuka sun ƙare a Jimeta ne?"

Na dawo na yi yadda ya ce. Na faɗa wa Dija zancen kajin, don in ɗebe mata kewa. Ta dubi kwikwiyon.

"Shi mai ɗori da hannunsa yake karya kazar," ta ce. "Wannan ba mu muka karya ba. Karya mana aka yi, don mu ɗora. In wannan ya taka, wancan zai taka."

Na ce mata kare kare ne, mutum mutum ne. Ta ce ta ji.

Ɗorina bai kama ba. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari, ƙudaje suka same ta. Na kwance karan na ga kan ƙashi yana tura fata. Rumbu ya daina ci. Ranar da ya daina, Dija ta daina. Ta fara jan ƙafar hagu in za ta ɗebo ruwa. Na sa matar Bappa ta duba ta, ba kumburi, ba ciwo, amma in an taɓa cinyar zafi kamar murhu. Da rana tsaka in inji ya yi shiru, sai ka ji kwikwiyon yana nishi a waje, ita tana nishi a ɗaki, numfashinsu yana tafiya tare. Na tsaya a tsakaninsu na saurara, ba sau ɗaya ba. In ya tsaya ta tsaya. Ni mutum ne da ya ga gawa a hanya ya tsallake ya wuce, amma wannan ya ba ni tsoro.

Wata mai kawo niƙa ce ta ce akwai likitar dabbobi a Jimeta da ke yi wa kare aiki kamar mutum. Na je. Ƙaramin wuri ne mai warin magani, da buhunan abincin kaji a ƙofa. Likitar mace ce, Kirista daga wajen Numan, gajeriya, mai saurin magana. Ta buɗe tsumman ta toshe hanci.

"Baba, wa ya ɗaura masa wannan kara?"

"Ni."

"Ka yi ƙoƙari. Ka ƙara ɓata shi, amma ka yi ƙoƙari." Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin, ta ɗaga shi a hasken taga ta nuna mini. Ƙashin cinya ya rabu, kai ɗaya ya hau kan ɗaya. "Hanya uku ne. In yi masa allura ya yi barci ba zai tashi ba, wannan ba sai ka biya ba. Ko in yanke ƙafan, zai rayu da uku, kuɗinsa da sauƙi. Ko in buɗe in wanke, in sa ƙarfe a cikin ƙashi. Wannan da tsada, ƙarfen ma sai na aika an kawo."

Ta faɗi kuɗin. Na san abin da na sayi injina, kusan ɗaya ne. Ta dubi takalmina, ta dubi rigata da ta sha gari.

"Karnukan manyan sojoji da na masu kuɗi nake yi wa wannan. Naka wane iri ne?"

"Irin ƙauye."

"Ka san in ka zaga bayan kasuwa za su ba ka irinsa kyauta, har su gode maka?"

"Na sani."

"To ka je ka yi shawara da madam. Amma kar ka daɗe, ƙafan ba zai jira ba."

Na koma na zauna a bakin tabarmar Dija. Na ce mata za a iya yanke ƙafar ya rayu, kuma ba sai mun taɓa inji ba. Na yi mata bayani a hankali, na ambaci makarantar Sa'adu, na ambaci damina da ke tafe. Tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Da ƙafa ɗaya zai sauko daga duwatsun nan?" ta ce.

Shi ke nan abin da ta ce. Ba ta roƙe ni ba. Saniyarta ce ta zama injin, amma ba ta ambata ba. Na fita na zauna gindin inji har inuwa ta juya. Zan faɗa muku abin da na auna, don ku daina cewa hauka ne. Ban yarda cewa ƙafar kare tana ɗaure da ƙafar mutum ba. Ban kuma iya rantsewa cewa ba ta ɗaure ba, bayan abin da na gani gefen turmi. Amma abu ɗaya ba na shakka a kansa: in kwikwiyon nan ya mutu ko aka yanke shi, zan binne uwarku kafin ruwan farko. Mace ce da al'ada ta hana ta yi wa ɗanta kuka, ta hana ta tambaya, ta hana ta ko kiran sunansa. Abu ɗaya ya rage mata da za ta iya yi masa jinya a bainar jama'a, shi ne wannan. Inji a gefe ɗaya, ita a gefe ɗaya. Ban daɗe ina aunawa ba.

Wani Inyamuri mai kayan inji a kasuwa ya saya. Ya san a matse nake, ya taya yadda ya so. Da suka zo kwancewa matan unguwa suka tsaya da robobin niƙa a hannu suna kallo. Kafin yamma labari ya zaga Luggere: ɗan gudun hijira ya sayar da abincin 'ya'yansa zai kai kare tiyata. Yara suka riƙa bina suna haushi.

Ranar aikin na kai shi da safe, ba a fara ba sai bayan azahar. Likitar ta bar ni na tsaya har aka yi masa allurar barci. Ya saki jiki, harshe a waje, ido a buɗe ba ya ƙiftawa. Na ga matattu da yawa, haka idonsu yake. Ta ce in fita. Na zauna a kan buhun abincin kaji ina jin ƙarar ƙarfe a ciki, kamar maƙeri yana aiki a nesa. Abin da ya faru a gida a lokacin, Fanta, ke kika gani, ni ban gani ba. Ke kika ce uwarku tana zaune sai ta kife, kika girgiza ta ba ta motsa ba, idonta a buɗe, kika ruga kika kira matar Bappa, aka yayyafa mata ruwa a banza, har an fara salati. Wajen la'asar ta ja dogon numfashi ta tashi ta ce a ba ta kunu. Ni dai na san wajen la'asar ne likitar ta leƙo, da jini a safar hannunta.

"Baba, yaronka ya farka."

Ban gyara mata ba.

Ta ce sai an tsare shi a cikin ɗaki har ƙashi ya haɗe, ba gudu, ba ƙasa, ba ƙuda. Ɗaki ɗaya gare mu. Na shigar da shi, Dija ta shimfiɗa masa tsohon zaninta. Washegari Bappa Umaru ya aiko kirana. Bai ɗaga murya ba.

"Malam Jibo, na ba ka ɗaki don Allah. A ɗakin nan iyalinka yake salla. Na yi shiru da kare a waje, na yi shiru da ka sayar da inji, dukiyarka ne. Amma an ce matarka tana cewa ran ɗanta yana jikin kare. Wannan magana ba na Musulmi ba ne. Ka fitar da shi, ku zauna har abada."

"Ba zai fita ba, Bappa."

"To ka sa ni a wuri mai wuya."

"Na sani. Mun gode da zama."

Ya ba mu buhun masara da kuɗin mota, ya kau da kai da muka zo sallama. Ban riƙe shi a zuciya ba. Gidansa ne, kuma a kan karatunsa yake. Wani mai gona a Ngurore yana neman mai gadi, da bukka a bakin gona. Can muka nufa a bayan akori-kura, uwarku ta rungume kwali da kare a ciki. Sauran kun sani, don a jikinku ya faru. Daminar nan mun ci tafasa ba gishiri. Sa'adu, ka yi noman kuɗi maimakon aji. Ba zan ce muku bai yi zafi ba. Amma kafin a cire dawa Rumbu ya sa ƙafar a ƙasa, ya ɗaga, ya sake sawa, ya taka har bakin rijiya. Dija tana tsaye da guga. Ta bi bayansa, kuma ba ta ja ƙafa ba. Ba ta sake ja ba har yau.

Bayan wasu shekaru wata 'yar garinmu, Adama matar maƙeri, ta kuɓuto daga hannun mutanen daji. Ta zo Ngurore gaishe mu. Dija ta ba ta ruwa ta koma gefe tana tsince wake, ta juya mana baya. Adama ta rage murya.

"Na ga babban naku a can. Ruwa yake ɗebo musu. Shekarar farko, lokacin zafi, an ce ya faɗo daga dutse, na gan shi yana jan ƙafa da sanda, ta kumbura har mun ce ba zai yi ba. Bayan damina na sake ganinsa, ba sanda, da jarka a kai. Daga nan aka raba mu, ban ƙara ganinsa ba."

"Wace ƙafa?" na ce.

"Haba Malam, wa ke duba hagu da dama a can?"

Hannun Dija bai tsaya da tsintar wake ba. Mutane da yawa sun karye a duwatsun nan, na san haka. Zafi kuma kowace shekara ana yin sa. Na faɗa muku abin da matar ta ce ne kawai. Tun daga ranar ba wanda ya sake kawo labarinsa, mai daɗi ko marar daɗi. Duk inda aka ce an sako mutane na je na duba fuskoki. Uwarku ba ta taɓa bina ba, ba ta taɓa tambayata me na gani ba. In na dawo sai ta dubi karen, ta ga yana cin abincinsa, ta ci gaba da aikinta.

Yanzu Rumbu ya tsufa. Bakinsa ya yi fari, ido ɗaya ya yi yana, in sanyi ya shigo ƙafar ƙarfen takan riƙe. Na kai shi wurin likitar nan bara, ita ma ta yi furfura. Ta duba shi ta ce ba ciwo ba ne, shekaru ne, irinsu ba sa wuce haka da yawa, in shirya. Ban faɗa wa uwarku ba. Ku ma kada ku faɗa. Amma in kun ga kirana a waya na ce ku taho, kada ku tsaya tambayata ko don kare ne. Ku bar abin da kuke yi ku hau mota.

Ina nan Ngurore, a bakin gonar da nake gadi, ni da ita da shi. Da rana yakan kwanta a inuwar ɗorawa. Ita takan jawo tabarma kusa, ta ajiye aikin hannunta, tana kallon haƙarƙarinsa yana hawa yana sauka. Ni ina gefe da fartanya a hannu, ita nake kallo.